Rimot ɗin makullin mota ya daina aiki: Abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗin sabo

Galibin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Samaru da Sabon Garin Zariya tokumbo ne, kuma da yawa suna isowa hannun mai saye da makulli ɗaya tak. Ranar da rimot ya ƙi buɗe ƙofa a harabar Jami'ar Ahmadu Bello ko a bakin Kasuwar Sabon Gari, mai mota kan shiga ruɗani, ya amince da duk farashin da aka yanka masa. Alhali sau da yawa matsalar ba ta wuce batirin da bai fi maɓallin riga girma ba.

Abubuwa uku ne a makulli ɗaya

Makullin motar zamani ya ƙunshi ƙarfen da ke shiga ramin ƙofa, da rimot mai aika saƙon rediyo don buɗewa da kullewa, da kuma wata 'yar na'urar tsaro da kwamfutar mota ke tantancewa kafin ta bar inji ya tashi. A makullan da ake murɗawa, na'urar tsaron ba ta dogara da batirin rimot ba, tana samun ƙarfi ne daga zoben wayar da ke kewaye da ramin kunna mota. Saboda haka idan rimot ya mutu amma mota tana tashi, na'urar tsaron lafiyarta lau, babu dalilin sauya makulli gaba ɗaya.

Motocin da ake dannawa su tashi ma suna da mafita. Akwai ƙaramin makullin ƙarfe a ɓoye cikin rimot don buɗe ƙofar direba, kuma a yawancin Toyota da Honda, idan aka kara rimot a jikin maɓallin tayarwa aka taka birki aka danna, injin zai tashi ko da batirin ya ƙare.

A fara da batir

Alamar farko ita ce raguwar nisa: rimot ɗin da ke aiki daga ƙofar gida ya koma sai an matso jikin mota. Yawancin rimot suna amfani da batir mai lamba CR2032, CR2025 ko CR2016, dukkansu masu ƙarfin bolt 3. Lambar tana nuna girma: CR2032 faɗinsa milimita 20 ne, kaurinsa 3.2, yayin da kaurin CR2016 bai wuce 1.6 ba. Idan aka sa siriri a gurbin mai kauri, ba zai zauna daram ba. Masu gyaran agogo da masu sayar da kayan lantarki suna da irinsa, sai dai wanda ya daɗe a rana ko jabu kan mutu cikin makonni. A kula da gefen da ke da alamar + wajen sawa, a kuma kawar da tsohon daga inda yara za su kai hannu, domin haɗiye shi na iya ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan.

Idan sabon batir bai magance ba, sai a duba cikin rimot ɗin. Ƙurar hunturu da zufar aljihu da ruwan damina suna lalata ƙarafan da ke taɓa batir, faɗuwa a ƙasa kuma kan ɓalle maɓalli daga jikin allon. Mai gyaran waya zai iya goge su ko ya liƙa abin da ya ɓalle.

Ko laifin daga motar yake

Idan akwai rimot na biyu, shi ne alƙali: in ya yi aiki, laifin na farkon ne, in dukansu sun ƙi, a koma kan motar. Batirin mota da ya yi sanyi ko fis ɗin da ya ƙone kan hana ƙofofi amsawa. Idan ƙofa ɗaya ce kawai ta ƙi, injin kulle na wannan ƙofar ne ya lalace. Wani lokaci kuma wasu na'urori da ke kusa ne ke danne saƙon, don haka a gwada a wani wurin.

Ɓarayi ma suna amfani da wannan rauni, ta hanyar toshe saƙon kullewa a wuraren cunkoso. Mai mota ya danna rimot ya tafi, alhali ƙofar a buɗe take. Maganinsa shi ne a ja hannun ƙofa a tabbatar kafin a bar wurin.

Idan sayen sabo ya zama dole

A nan asalin motar yake da muhimmanci. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka galibi suna aiki a kan mita 315 megahaz, na Turai waɗanda ake kira Beljiyam kuwa a kan 433. Rimot biyu na iya yin kama da juna a ido, ɗaya ya ƙi aiki har abada. Lambar da ke bayan tsohon rimot ita ce za a gwada da ta sabon. Bayan haka sai an haɗa shi da kwamfutar motar, kuma ya dace a nemi a goge makullin da ya ɓata daga cikinta, don kada wanda ya tsinta ya tayar da motar.

Shawarar da ta fi haɗari ita ce ta cire na'urar tsaron gaba ɗaya don a huta. Mota za ta tashi, amma za ta tashi wa duk wanda ya yanko ƙarfen da ya dace. Tun 1998 ƙasashe irin su Jamus da Birtaniya suka wajabta wannan na'ura a sababbin motoci saboda rage sata.

Mai mota yana da haƙƙin a gwada sabon makulli a gabansa, a ba shi rasit, a kuma mayar masa da tsohon. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba shi damar kai ƙorafi idan an sayar masa da abin da ba ya aiki. Mafi sauƙi dai shi ne a yi makulli na biyu tun na farko yana aiki, domin kwafarsa ta fi arha nesa ba kusa ba a kan farawa daga babu.