Largactil: Maganin da aka yi don tiyata, ya ƙare a asibitin ƙwaƙwalwa

Ina ƙarami akwai wani yayanmu a unguwa da aka sa wa mari saboda yana jin muryoyin da ba wanda ke ji. Daga baya aka kai shi asibiti, ya dawo da wasu ƙwayoyi, ya daina faɗa da mutane amma kullum yana cikin barci. Sai da na girma na san sunan maganin, wato chlorpromazine, wanda aka fi sani da Largactil.

A watan Disamba na 1950 wani masanin haɗa sinadarai, Paul Charpentier, ya haɗa shi a kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa. Dangin sinadarin ma daga rini suka samo asali. Ba don masu taɓin hankali aka yi shi ba. Wani likitan tiyata na sojan ruwa, Henri Laborit, shi ya fara gwada shi a kan waɗanda za a yi wa aiki. Sai ya lura mutum yana farke, yana magana, amma tsoro ya bar shi, kamar ba shi za a yanka ba. Ya dinga matsa wa likitocin ƙwaƙwalwa su gwada. A 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka ba majinyatansu a asibitin Sainte-Anne da ke Paris, ɗakunan da aka saba jin ihu suka yi tsit.

Kafin nan me ake yi? Ɗauri, ko a sumar da mutum da allurar insulin, ko a huda kai a yanke wani sashe na ƙwaƙwalwa. Wanda ya ƙirƙiro wannan yankan, Egas Moniz, har kyautar Nobel aka ba shi a 1949. Abin mamaki!

Amurka ta karɓe shi a 1954 da sunan Thorazine. A 1955 mutum fiye da dubu 550 ne a asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatocin jihohinta, daga nan adadin ya fara sauka. Ba maganin kaɗai ya jawo hakan ba, akwai siyasa da tsimin kuɗi, kuma da yawa daga waɗanda aka sallama a titi suka ƙare.

An yi shekara goma ana ba da shi ba a san yadda yake aiki ba. A 1963 Arvid Carlsson na Suwidin ya nuna hanyar: ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wani sinadari, dopamine, shi kuma maganin yana toshe wurin karɓar saƙon. Shi ya sa jin muryoyi da zargin mutane ke raguwa. Matsalar ita ce dopamine na da hannu a motsin jiki, don haka sai ka ga karkarwa da sandarewa, wani bayan shekaru baki da harshe su riƙa motsi da kansu. Yana kuma toshe wasu wuraren, daga nan ne barci, bushewar baki da jiri idan an miƙe tsaye suke zuwa. Barcin yayanmu ke nan, mu kuwa muna cewa lalaci ne. Likitoci na ba da shi don amai da shaƙuwar da ta ƙi tsayawa. Ba ya warkar da ciwon, danne alamu yake yi, kuma idan aka daina sha haka kawai ba da shawarar likita ba ciwon kan dawo.

A shekarar 1954 ɗin nan Dakta Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, Abeokuta, inda majinyaci ke zama a ƙauye tare da ɗan'uwansa yana zuwa asibiti karɓar magani. Amma dokar mahaukata ta 1958 ita ta ci gaba da aiki a Najeriya har zuwa Janairun 2023 da aka sanar da sa hannu a sabuwa. A kanta za mu tattauna mako mai zuwa in Allah ya kai mu.