Fankar amfilifaya da zafin da ya kawo ta

Babbar amfilifaya takan fara huci tun kafin a sa waƙa ko liman ya ɗauki makirufo. Fankar da ke bayanta ce, kuma yanzu mutane da dama na kwance ta su ɗaura wata marar ƙara. Yin hakan ba aibu ba ne, sai dai galibi ana yin sa ne bisa zaton cewa fankar ƙari ce kawai da kamfani ya liƙa. Tarihin na'urar bai goyi bayan wannan zato ba. Buƙata ce ta shigo da fanka cikin amfilifaya, kuma kafin a taɓa ta ya kamata a duba ko buƙatar ta kau a inda ake amfani da na'urar.

Amfilifayoyin farko da bawul suke aiki, zuriyar kwalbar da Lee de Forest ya ƙera a 1906. Bawul na ɗaukar zafi sosai, amma a tsaye yake a sarari, iska na zagaya shi, ƙarfin da ake nema kuma kaɗan ne. Amfilifayar Williamson da ta yi suna a Ingila a 1947 wat 15 take bayarwa, 'yan ramuka a jikin akwati sun ishe ta. A ƙarshen 1947 ɗin aka ƙirƙiro tiranzista a Bell Labs da ke Amurka. Ba ta kawar da zafi ba, tara shi ta yi a kan ɗan gutsuren silikon da bai kai farcen yatsa ba, wanda ke lalacewa idan cikinsa ya haura digiri 150 zuwa 200. Ga wani mugun hali kuma: in ta yi zafi sai ta ƙara jan wuta, jan wutar ya ƙara mata zafi, har ta ƙone. Maganin farko shi ne a ɗaure ta a jikin farantin alminiyam mai haƙarƙari domin ya sha zafin ya sake shi cikin iska. Crown DC300 ta 1967, mai wat 150 a kowane ɓangare, da wannan dabara ta rayu ba tare da fanka ba.

Dandalin kiɗa ne ya sauya lissafin. A 1965 mawaƙan Beatles sun tsaya gaban mutum fiye da 55,000 a filin Shea da ke New York da amfilifayoyin Vox masu wat 100, ihun jama'a ya binne kiɗan ɗungurungum. Daga nan aka shiga tseren ƙarfi. Ampeg ta fito da SVT a 1969, wat 300 na bawul, da fanka a jikinta. A 1974 ƙungiyar Grateful Dead ta jera amfilifayoyin McIntosh MC2300 guda 48, kowace da fankokinta. Irin waɗannan na'urori kusan rabin wutar da suke sha zafi take komawa. Ana kuma jibga su ɗaya bisa ɗaya a cikin akwatin ƙarfe mai faɗin inci 19, ta ƙasa tana gasa ta sama, ga shi kullum ana loda su a mota ana saukewa, don haka ba wanda ke son a ƙara musu nauyin alminiyam. Fanka ta fi araha, ta fi sauƙin ɗauka, kuma a gaban taron dubban mutane wa zai ji hucinta? Kukan ƙara ya taso ne daga baya, da aka kwaso na'urar dandali aka shigar da ita sutudiyo, falo da masallaci.

Mai neman shiru yana da hujja mai ƙarfi. Idan aka rage gudun fanka da rabi, iskar da take turawa na raguwa da rabi, amma ƙararta na faɗuwa da kimanin desibel 15, wanda kunne ke ji a matsayin babban sauƙi. Shi ya sa fanka mai faɗin milimita 120 da ke juyawa a hankali ta fi mai 80 da ke gudu shiru, alhali iskarsu ɗaya. Tarkon yana wurin da ba a cika dubawa ba. Ƙarfin turawa yana faɗuwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu idan gudu ya ragu da rabi, kuma fankar amfilifaya ta cikin matsattsun haƙarƙari da raga take cusa iska. Fankar kwamfuta marar ƙara na iya nuna adadi mai kyau a jikin kwali, ta kasa a nan. Sai kuma a duba ko mai bolt 12 ce ko 24, da ɓangaren da take hurawa, domin in aka juya ta baibai hanyar iskar gaba ɗaya ta rikice. Ɓarnar ba ta fitowa ranar da aka yi aikin. Kafasita mai ruwa a ciki rayuwarta na raguwa da kusan rabi duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10.

Wasu za su ce wannan tsohon zance ne, tunda amfilifayoyin zamani na rukunin D suna mayar da kashi 90 cikin 100 na wuta zuwa sauti. Gaskiya ne, amma kamfanoni sun ci ribar ne ta hanyar ƙanƙanta akwati da rage alminiyam, sai ɗan zafin da ya saura ya dogara kacokan ga fanka. Wasu kuma za su ce a gida ba a ƙure na'urar, don haka rarar da injiniya ya bari ta isa. Wannan ya fi nauyi, kuma ga mai sauraren waƙa a ɗaki mai sanyi sau da yawa daidai ne. Amma a Kano ko Maraɗi cikin bazara iskar da fanka ke zuƙa kan haura digiri 40 tun kafin ta taɓa ƙarfe, hunturu kuma ya toshe haƙarƙarin da ƙura, sannan amfilifayar gidan biki ko ta wa'azi awanni take yi tana jan lasifikoki da yawa. Rarar ta riga ta tafi. A irin wannan wuri ƙarar ma sau da yawa daga busasshen boris take ko daga ƙurar da ta danƙare a fikafikai, kuma mai gyaran da ya goge raga, ya hure haƙarƙari, ya sa sabuwar fanka mai awo ɗaya da tsohuwar yakan rage ta ba tare da ya rage iska ba.