MUƘALAR MAKO: Daga Mashi Zuwa Tauraron Ɗan'adam, Tarihin Bin Sawun Shahon Kifi



Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san idan shamuwa ta sauka, damina ta ƙarato. Amma mu nawa ne muka taɓa tambayar inda take zuwa da rani? Turawa ma sun daɗe cikin wannan duhu game da nasu tsuntsayen. Tun zamanin Aristotle ake cewa wasu tsuntsaye ɓuya suke yi su yi ta barci har sanyi ya wuce. Daga baya har aka samu masana da suka yarda tsattsewa cikin taɓon tafki take shigewa.

A 1822, kusa da garin Klütz a Jamus, aka harbo wata farar 'yar uwar shamuwa da mashin Afirka soke a wuyanta. Da shi ta keto hamada da teku. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara saka wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Zobe ya taimaka, sai dai labarinsa guntu ne. Yana faɗin inda aka saka shi da inda aka tsinci tsuntsun, sau da yawa a mace, amma bai san abin da ya faru a tsakani ba.

A nan shahon kifi ya shigo, wanda Turawa ke kira osprey. Fari ne a ciki, bayansa ƙasa-ƙasa, yakan faɗa ruwa da ƙafafu ya suro kifi. Maharba da masu tara ƙwai sun bi shi har ya daina sheƙa a Sikotlan wajen 1916. A 1954 wasu biyu suka dawo Loch Garten. Da ɓarayin ƙwai suka matsa, ƙungiyar RSPB ta sa masu gadi dare da rana, sannan a 1959 ta buɗe wurin ga 'yan kallo, mutum kimanin 14,000 suka zo. Daga 1996 aka riƙa kwaso 'ya'yan tsuntsun zuwa tafkin Rutland a Ingila, a 1999 kuma Roy Dennis da abokan aikinsa suka fara goya musu ƙaramar na'ura mai aika saƙo ga tauraron ɗan'adam. Irin ta baya-bayan nan nauyinta kimanin giram 30 ne, hasken rana ke caja ta.

Abin da na'urar ta nuna ya fi ƙarfin tatsuniya. Uwa ce ke fara tafiya a watan Agusta, ta bar uba yana ciyar da 'ya'ya. Sannan kowane ɗa ya tashi shi kaɗai, yana ɗan wata uku, ba jagora, ba wanda ya taɓa nuna masa hanya. Ya ratsa Faransa da Sifen, ya tsallaka Maroko, ya shiga Sahara inda zai yi kwanaki ba kifi, har ya sauka Senegal ko Gambiya, tafiyar kimanin kilomita 5,000. Idan ya isa, ba ya komawa gida sai ya kai shekara biyu, kuma mafi yawansu ba sa komawa har abada.

Mu ɗauki shekarar 2008. A sheƙar Loch Garten an goya wa 'yan gida ɗaya na'ura, Nethy da Deshar. Nethy ta bi ta tudu ta isa Afirka ta Yamma. Deshar kuwa ya saki hanya ya faɗa sararin Tekun Atlantika, ya yi kwana huɗu yana tashi ba wurin sauka, ya wuce tsibiran Azores bai gan su ba, har ƙarfinsa ya ƙare. Jama'a suna kallon ɗigonsa a taswirar intanet, ba mai ikon juyo shi. Da zobe kaɗai ne a ƙafarsa, da ba wanda zai san yadda ya ƙare.

Wannan bibiya ta sauya tunanin masu kare tsuntsun. Sun gane gadin sheƙa a Turai rabin aiki ne, tunda a kogunan Afirka da gaɓar tekunta yake girma. Inda fadama ta ƙafe, ko aka yar da tsohuwar koma a ruwa, can ma rayuwarsa na cikin haɗari. Mu ma muna cikin labarin, domin waɗanda ke tasowa daga Finlan sun fi bin gabas, wasunsu a Najeriya da Kamaru suke cin rani.

Ga aikinmu na wannan mako. Duk mai masunci a kusa, ko a Nguru, ko a Yawuri, ko a bakin Tafkin Chadi, ya tambaye shi sunan da suke kiran wannan tsuntsu, da watan da yake iso musu, da watan da yake ɓacewa. A rubuto mana yadda ya faɗa da bakinsa, kada a yi masa gyara.

Sai mako mai zuwa.