Fari da taimakon makiyaya a ƙasar Dakoro

Wani yaronmu da ke karatu a waje ya aiko da labari cewa a Amurka, tun 2008, akwai dokar da ta sa gwamnati ke biyan makiyayi kuɗi in fari ya ƙone masa ciyawar makiyayarsa. Ya ce mu tambayi dattawa ko an taɓa yin haka a nan. Amsa ita ce a'a. Can makiyayi yana da fili da takarda da waya kewaye. Nan kuwa, tun dokar 1961 da ta shata iyakar noma wajen kwarin Tarka, dajin arewa na kowa ne. Wa za a biya kuɗin ciyawar da ba ta da mai ita?

Amma an yi taimako iri-iri. A farin 1973, Fulani da Buzaye na wajen Bermo da Gadabeji sun gangaro kudu, wasu da sanda kaɗai. Abin da aka raba cimaka ce, ta hannun OPVN, har da jar dawar nan ta Amurka da tsofaffinmu ba su manta ba. Zargin karkatar da taimakon yana cikin dalilan da soja suka bayar da suka kifar da Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974.

Gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauki hanyar maida garke. Ba kyauta ba ce, rance ne na bisashe, yawanci awaki da tumaki, a biya a hankali. Aka kuma buɗe gidajen renon shanu, ɗaya a Fako, nan arewacin Dakoro. A ganina dabarar ba baƙuwa ba ce. Bafulatani ya daɗe da habbanaye: ka ba ɗan uwanka karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan, ya maido maka uwar. Sai dai ɗan uwa ya san wanda ya rasa, takardar ofis kuwa wanda ke kusa da gari take fara gani. Mai jin kunya da ke can bakin rijiya, sau da yawa har rabo ya ƙare bai ji ba.

Garke bai gama komawa ba sai ga 1984, shekarar da aka laƙaba wa sunan Buhari, don a cikinta ya rufe iyakar Najeriya. Ba ciyawa, kasuwar kudu kuma ta toshe. Saniya ta koma ba ta sayen buhun hatsi. Gwamnati ta tura mutane noman rani. Shanu da dama suka faɗa hannun ƴan kasuwa da ma'aikata, masu su na da suka zama ƴan kiwon haya. Wasu suka bi hanyar Kano da Abidjan gadi, kuma cikin masu karanta wannan takarda akwai ƴaƴansu.

A 2005 da 2010 salon ya sake. Ƙungiyoyi irin su AREN ta makiyaya da Oxfam suka riƙa sayen ramammun bisashe da kuɗin da ya fi na kasuwa, a yanka, a raba naman ga mabuƙata. Aka kuma sayar da dusa da angurya da rahusa. A nan ne kuɗi ya shiga hannun makiyayi kai tsaye, amma kuɗin dabbar da ya sallama ne.