Harsuna Uku a Gidan Makokin Yahudawa

Wanda ya shiga gidan makokin Yahudawa a yau ya tarar da dangin mamaci zaune kan gajerun kujeru, rigunansu a yage, zai ɗauka haka abin yake tun zamanin Annabi Musa. Kalmomin da ake furtawa a gidan ba su yarda da haka ba. Harsuna uku ne a cikinsu, Ibrananci da Aramiyanci da Yidish, kowanne da zamanin da ya shigo. Al'adar gini ce da aka yi ta ɗora wa bene, kuma yawanci wata wahala ce take sa a ɗora.

Harsashin da Ibrananci aka zuba shi. Keriya ita ce yaga riga, ta hagu wajen zuciya idan uwa ko uba ne suka rasu, ta dama ga sauran dangi na kusa. Shiba, wato bakwai, kwanakin zaman makoki ne bayan binnewa, sheloshim kuma talatin. Mai musu zai ce ai waɗannan duk suna cikin Attaura: Annabi Yusuf ya yi wa mahaifinsa makokin kwana 7, Bani Isra'ila sun yi wa Haruna da Musa na kwana 30. Gaskiya ne, sai dai labari Attaura ta bayar a can. Malaman Talmud, kundin shari'ar Yahudawa, su ne suka mayar da shi ƙa'ida, a babin Mo'ed Katan, inda suka ware kwana 3 don kuka, 7 don yabon mamaci, 30 na barin aski. A babin ne kuma ake ganin hannun talauci ƙarara. A da mai kuɗi yakan kai abincin ta'aziyya a kwandon azurfa ko zinariya, talaka a kwandon saƙa, sai kunya ta kama talaka, aka ce kowa ya koma kwandon saƙa. Ana buɗe fuskar gawar attajiri, a rufe ta matalauci don yunwa ta baƙanta ta, aka ce a rufe ta kowa. Tsadar likkafani ta kai har wasu na barin gawa su gudu, sai da Rabban Gamliyel, babban malami na ƙarni na 1 Miladiyya, ya yi wasiyya a binne shi cikin lilin mai araha. Farin likkafanin da ake kira takrikim a yau daga nan ya samo asali. Doka ce da aka yi don rufa wa marar shi asiri.

Addu'ar Kaddish ta fi nuna sauyin. Yawancinta da Aramiyanci take, ba ta ambaci mutuwa ko sau ɗaya ba, tsarkake sunan Ubangiji ce zalla, kuma asalinta da ita ake rufe karatu. Sai a ƙarni na 12 da na 13 ta zama ta marayu a wajen Yahudawan Jamus da Faransa, bayan kisan da mayaƙan Salibiyya suka yi a shekarar 1096 a garuruwan bakin Kogin Rain, irin su Mainz da Worms. Wasu masana sun fi jingina abin ga aƙidar cewa addu'ar ɗa tana sassauta wa uba azaba, ba ga kisan ba. Hujjarsu na da ƙarfi, domin da wannan aƙida ake bayyana dalilin da ya sa maraya yake daina karanta Kaddish bayan wata 11: azabar mugu wata 12 ce, ɗa kuwa ba zai so ya nuna ubansa mugu ne ba. Amma ko da sun yi daidai, ba su mayar da al'adar zamanin Attaura ba, sun dai canza mata dalili ne a cikin zamani guda.

Yartsait, tunawa da ranar rasuwa kowace shekara da kunna kyandir, kalmar Yidish ce mai tushen Jamusanci, shi ya sa Yahudawan da asalinsu Sifaniya suke da nasu sunayen, kamar meldado. Ginin kuma ba ƙari kaɗai yake samu ba, ana rage masa. Talmud ya ce mai makoki ya kife gadajen gidansa, yau ba a yi. Rufe madubai kuwa, wanda baƙo zai fara lura da shi idan ya shiga gidan, ba ya cikin Talmud.