Yaƙin Chadi da Libiya (1978–1987)

Yaƙin Chadi da Libiya suna ne da ake bai wa kutse huɗu da dakarun Mu'ammar Gaddafi suka yi cikin ƙasar Chadi: a 1978, a 1979, daga 1980 zuwa 1981, sai kuma mafi tsawo daga 1983 zuwa 1987. Marubuta sun saɓa kan lokacin da ya fara. Wasu suna ƙirgawa daga 1973, shekarar da Libiya ta girke sojoji a Zirin Awuzu, wani yankin hamada mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 114,000. Wasu kuma sai daga Disamban 1980, lokacin da tankokinta suka shiga Njamena. A nan an ɗauki 1978, domin a Fabrairun shekarar ne garin Faya ya faɗa hannun mayaƙan jagoran 'yan tawaye Goukouni Oueddei da makaman Libiya.

Hujjar Libiya kan Awuzu ita ce yarjejeniyar 1935 tsakanin Faransa da Italiya, wadda ba ta taɓa fara aiki ba. Chadi kuwa ta riƙe ta 1955 tsakanin Faransa da Libiya. Batun zirin na cikin abin da ya raba jagororin 'yan tawayen arewa biyu a 1976: Hissene Habre ya ƙi jinin Gaddafi, Goukouni ya yarda ya jingina da shi.

Daga Kano zuwa Legas

Bayan faɗuwar Faya 'yan tawaye suka nausa kudu, sai sojojin Faransa suka tare su a Ati da Djedaa. Shugaban Chadi Felix Malloum ya jawo Habre ya naɗa shi firaminista a Agustan 1978, amma a Fabrairun 1979 dakarun mutanen biyu suka kaure da faɗa a tsakiyar Njamena. A nan ne gwamnatin Janar Obasanjo ta Najeriya ta shigo. Ta tara ɓangarorin a Kano a watan Maris, tare da wakilan Nijar, Kamaru, Sudan da ita kanta Libiya. Aka amince Malloum da Habre su sauka, sojojin Najeriya kuma su tsare babban birnin. Malloum ya sauka ya yi zaman gudun hijira a Najeriya.

Littattafai da yawa suna wuce taron Kano da layi ɗaya, alhali a nan aka shuka abin da ya biyo baya. Ƙungiyoyin da ba a gayyata ba, irin ta Ahmat Acyl mai samun goyon bayan Libiya, suka ce ba da su aka yi ba. Taro na biyu a Kano cikin Afrilu ya watse. Habre da Goukouni suka koma gida suka ɗora Lol Mahamat Choua a kan mulki ba tare da sauran ba, maƙwabta suka ƙi amincewa da shi, dangantaka da Najeriya ta yi tsami har aka janye sojojin Najeriya. Sai a ranar 21 ga Agusta 1979 ɓangarori goma sha ɗaya suka sa hannu kan Yarjejeniyar Legas, wadda ta haifi gwamnatin riƙon ƙwarya ta GUNT: Goukouni shugaba, Kanar Kamougue na kudu mataimaki, Habre ministan tsaro. An yi alkawarin dakarun kiyaye zaman lafiya daga Kongo, Gini da Binin. Na Kongo kaɗai suka zo, kuma da faɗa ya sake ɓarkewa a Maris 1980 suka tattara suka tafi. Mutanen Njamena suka riƙa tsallaka kogin Shari zuwa Kusiri ta Kamaru, wasu har Borno.

Tankoki a Njamena

A Yunin 1980 gwamnatin Goukouni ta ƙulla yarjejeniyar ƙawance da Libiya. A ƙarshen shekarar dubban sojojin Libiya da tankoki samfurin T-55 suka keta hamada ta Faya, ranar 16 ga Disamba Njamena ta faɗi, Habre ya tsere. Wannan ita ce babbar nasarar Gaddafi a yaƙin, kuma da bakinsa ya ɓata ta: ranar 6 ga Janairu 1981 aka sanar a Tarabulus cewa ƙasashen biyu za su haɗe. Hankalin maƙwabta ya tashi, Najeriya ta kori jami'an jakadancin Libiya, Masar da Sudan da Amurka suka shiga ɗaure wa Habre gindi a Darfur.

A ƙarshen Oktoba Goukouni ya nemi Libiya ta fita, kuma cikin makonni kaɗan ta kwashe ta koma arewa. Gaddafi na neman shugabancin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a taron da za a yi a Tarabulus a 1982, kujerar da ta kuɓuce masa duk da haka. Rundunar ƙungiyar da ta maye gurbin sojojin Libiya, ta Najeriya da Senegal da Zayar ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga, ta ce ba yaƙi ta zo yi wa kowa ba. Habre ya kama Abeche a Nuwamba, ya shiga Njamena ranar 7 ga Yuni 1982.

Jan layi

Goukouni ya dawo ta arewa ya ci Faya a Yunin 1983. Habre ya ƙwace ta a ƙarshen Yuli, jiragen Libiya suka yi mata ruwan bama-bamai har ta sake faɗuwa ranar 10 ga Agusta. Shugaba Mitterrand na Faransa ya tura sojoji kusan 3,000, suka ja daga a layi na 15 na taswira, aka matsar da shi zuwa na 16 a Janairun 1984 bayan an harbo musu jirgi. A Satumba Faransa da Libiya suka yarda kowa ya janye. Faransa ta janye, Libiya ta zauna, ta kuma gina babban sansanin jirage a Wadi Dum. Da GUNT ta tsallake layin a Fabrairun 1986 Faransa ta kai wa sansanin hari, ta dawo da dakarunta.

Shekarar Toyota

An fi sanin 1987 da suna Yaƙin Toyota, saboda motocin a-kori-kura kusan 400 da aka ɗora wa makamai masu fasa tanki samfurin MILAN. Motocin sun yi aikinsu, amma asalin karayar Libiya ta faru ne tun a 1986. Tun farkon yaƙin rabon aikin a fili yake: Libiya ta kawo jirage, tankoki da igwa, 'yan Chadi su yi leƙen asiri da faɗan ƙasa. A Agustan shekarar mutanen Acheikh ibn Oumar, wani jigo a GUNT, suka gwabza da na Goukouni a Fada, Libiya ta goyi bayan na farkon. A Oktoba aka harbi Goukouni aka tsare shi a Tarabulus, sai mayaƙansa na Tibesti, Tubawan da suka san kowace rijiya da kowane kwazazzabo, suka koma wajen Habre. Sojojin Libiya suka zama kamar makaho da ɗan jagora ya gudu ya bari. A Disamba suka auka wa Bardai, Zouar da Wour, jiragen Faransa suka riƙa jefa wa Tubawa mai da harsasai ta sama.

Hankalin Libiya na can yamma, Hassan Djamous, kwamandan sojojin Habre, ya bi ta gabas ya ci Fada ranar 2 ga Janairu 1987. Gwamnatin Chadi ta ce an kashe sojojin Libiya sama da 700, nata kuma ba su kai ashirin ba. Alƙaluman ɓangare ɗaya ne, a riƙe su da hannu biyu, ko da yake tarin tankokin da aka bari a filin ya nuna girman kashin. A Maris Libiya ta turo ayari biyu daga Wadi Dum don ƙwato Fada, aka murƙushe su a Bir Kora, aka bi sawun waɗanda suka tsere har cikin sansanin, wanda ya faɗi ranar 22 ga wata. Cikin kamammu akwai Kanar Khalifa Haftar. Kwanaki kaɗan bayan haka Libiya ta fice daga Faya.

Daga nan Faransa ta noƙe, domin ta fi son a kai batun Awuzu gaban shari'a, yayin da Amurka ta karɓi Habre a fadar White House a watan Yuni. Dakarun Chadi suka kama garin Awuzu ranar 8 ga Agusta ba tare da kariyar jiragen Faransa ba, suka rasa shi ranar 28. Ranar 5 ga Satumba Djamous ya kutsa cikin Libiya ya ragargaza sansanin Ma'atan as-Sarra. Ranar 11 ga wata aka tsagaita wuta bisa shiga tsakanin Kenneth Kaunda, shugaban Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na lokacin.

Ƙasashen biyu sun maido da hulɗar jakadanci a Oktoban 1988. Djamous ya mutu a 1989 bayan ya ɓata da Habre, Idriss Deby kuma ya kori Habre a Disamban 1990. Ranar 3 ga Fabrairu 1994 Kotun Duniya ta yanke hukunci cewa Awuzu na Chadi ne, sojojin Libiya suka gama ficewa a ƙarshen Mayun shekarar.