Daga jakin fatake zuwa Boxer

Tun kafin zuwan kwalta, Bebeji zango ce a kan hanyar Zariya zuwa Kano. Ta nan Clapperton ya bi a 1826, ta nan kuma rundunar Morland ta kutsa a farkon Fabrairun 1903, gab da faɗuwar Kano. Fatake kuwa, masu hanyar na asali, da tazarar zango suke auna tafiya: ina ruwa, ina harawa, ina za a gyara mangala.

Babur ya gaji wannan lissafi. Wanda ya saki titin Zariya a Kwanar Dangora ta Kiru, ya bi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore zuwa Riruwai ta Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, zai taka kwalta da burji da yashi a yini guda. Kamfanonin Japan sun ƙera babura na musamman domin irin wannan hanya, dogaye masu kaushin taya. A nan sai Jincheng ta ɗauki aikin, Bajaj Boxer ta karɓe shi daga baya, duk da cewa ba su kai waɗancan juriya ba. Dalilin, a ganina, kayan gyara ne. Filogi da sarƙa da tib ɗinsu suna rataye a rumfar bakaniken ƙauye, kuma yaron shagon ya san cikin injin.

Shi ya sa gogaggen matafiyi yakan tsaya a Tudun Wada ya ɗaure sarƙa, ya duba baƙin mai, ya kakkaɓe ƙurar hunturu daga matatar iska. Taya ta sace a tsakiyar Falgore, turi ne har sai an ga mai faci.